Wadda Malama Ba Ta Yi Wa Tsawa

Shekara tara ina goge daɓen makarantar rawar bale a birnin Marikina, rawar nan ta kan yatsun ƙafa, ban taɓa ganin sabuwar ɗaliba irin wannan ba. Ta haura hamsin. Duk Asabar tana zuwa cikin matsattsun kaya ruwan hoda, cinyoyinta na rawa tun kafin a sa kiɗa. Hannayenta duk tabon mai ne. Ina jin da suyar ayaba ta raini 'ya'yanta, sai yanzu ta tuna da kanta.

Malama Perla tana bin layi, ta buge gwiwar wannan, ta daka wa waccan tsawa. In ta iso kan matar nan sai ta wuce.

Yau da aka ba su hutu, matar ta tsaya gefen bokitina tana haki, bakinta har kunne. Manang take kirana, wato Yaya.

"Manang, kin gani? Wata uku, ko sau ɗaya ba ta gyara mini ba!"

Na matse tsummana. "Baiwar Allah, a gidan nan wanda ake sa ran zai iya shi ake zagi."

Da aka koma, ina kallo ta karkace ƙafa da gangan, ta tsaya tana jira. Malama ta iso, ta dubi ƙafar.

"Da kyau, Inna," ta ce, ta wuce.