Katin Da Kaka Ta Shayar

Ko na tsufa na manta inda na ajiye hulata, ba zan manta da katin bikin yayana ba. Lokacin nan ne kuɗin mai ya shigo, kowa a Jibiya sai rediyo da sabon babur. Yaya ya dawo daga aiki a Kaduna da wando mai faɗin da zai share tsakar gida, ya ce shi da kati zai yi gayyata. Garinmu babu mai buga kati, don haka muka zauna yi da hannu.

Ni ke yanka farin kwali da almakashi, ƙannena mata na manna furannin ƙyallen atamfa da jiƙaƙƙen ƙaro, Yaya na rubutu da tawada yana lanƙwasa harshe. Ƙaron nan har gira ya manne mini. Duk fargabarmu Gwaggo ce, yayar Baba da ke Maraɗi. In gayyata ba ta yi mata ba, ba ta zuwa, kuma in ta ƙi, dangin can kaf sun ƙi.

Kakarmu ta leƙo ta dube ni ta ce, "Kai angona, wannan abin taunawa ake yi?"

Na ce, "Karantawa ake yi, amarya."

"Gayyata ba goro? Sammaci ke nan."

Yaya ya sallama, aka ɗaura wa kowane kati goro biyu da zare. Abin da bai zo mana a rai ba, Kaka ba ta taɓa barin goro ya yi tafiya da ƙishi. Muna juya baya ta naɗe katin Maraɗi da goronsa a ɗanyen ganye, ta zuba a buhun algarara, ta yayyafa ruwa son ranta.

Sai a tasha Yaya ya kwance ƙunshin. Tawada ta narke, furanni sun saɓule, goron ya yi shuɗi kamar ya kwana a marina. Ga mota ta cika, direba na ta danna oda. Yaya ya dube ni ido jawur ya ce, "Kai da bakinka ba ya hutawa, hau. Kai ne katin."

Haka na tsallaka iyaka a kan buhunan gero. Na durƙusa gaban Gwaggo na zayyano rana da wuri, na ƙara da gaisuwar da Baba bai aiko ba. Ta goge goro ɗaya a gefen zane, ta ɓare, ta ce, "Ɗa sukutum aka aiko mini? To, ku shirya tabarmi."

Ta zo da mota guda ta mutane, har da maƙwabtan da ban san na gayyata ba.

Tun daga ranar na gane mutum ya fi son a tako a zo gabansa a ce masa ana buƙatarsa. Yau ko bikin jikokina ne, sai na bi manya gida gida da ƙafata.