Zakaran da Yake Ɓacewa a Allonmu

Ranar wata Litinin, shekarar da nake aji huɗu, ana tsakiyar yankan dawa, muka shiga aji muka tarar zakara ya ɓace. Ba na miya ba, na zane. Hedimasta ne ya ɗauko Ɗanlami, wani mai zanen motoci daga Dirin Daji, ya zana shi a allo da alli mai launi don a koya mana sassan jikin tsuntsu kafin sufeto ya zo. Don tsabar kyau, na rantse kajin unguwa har leƙe suke ta taga. Yanzu ga allo baƙi wuluk, ko gashi ɗaya babu.

Ni ne mai kula da allo, ni nake daka gawayi da ganyen wake in baƙanta shi, don haka duk idanu suka juyo kaina. Allon ɗaya ne tak, amma aikin jaki yake yi: da safe yana ajinmu, da rana a kai wa 'yan aji ɗaya a gindin mangwaro, bayan la'asar kuma matan yaƙi da jahilci su karɓa. Ɗanlami ya dawo yana huci, ya sake zanawa. Kwana biyu, zakara ya sake tafiya. Hedimasta ya nuna ni da bulala: "In ya ɓace na uku, sha biyu ne, a gaban kowa."

Daga ranar na daina yarda da ɗan Adam. Na zargi Audu, ɗan ajinmu, da yake ƙyashin muƙamina. Na zargi maigadi. Na zargi Ɗanlami kansa, don na ga yadda yake narkar tuwon gidan Hedimasta duk zuwa. Har akuyar maigadi na bi na duba bakinta ko da alli. A gona ina ɗaure dami ina lissafa maƙiya, langa ma na daina don kar a shammace ni.

Ranar da aka yi zane na uku, na ƙi zuwa yankan ciyawar rago, na ɗare mangwaron nan na lafe. Mata suka zo da littattafansu, suka jingina allo. Sai ɗaya ta gyara ɗaurin zane, ta tsoma tsumma a ruwa tana cewa, "Wane marar aikin yi ne yake cika wa malam allo da kaji?" Innata ce. Matar da ko tukunyar maƙwabta ta gani da baƙi sai hannunta ya yi ƙaiƙayi. Ban sauko ba, faɗowa na yi, ina ihu, amma kafin in riƙe hannunta jela ta riga ta tafi. Ta dube ni ta ce, "To wa ya gaya mini da mai shi?"

Washegari da kanta ta je wajen Hedimasta, bayana ya tsira. Ɗanlami ya ja layi da fenti: gefen dama na zakara, sauran na mai gogewa. Haka sufeto ya tarar da shi, gundul, ya kuma yaba.

Yau manhaja nake haɗawa, irin wadda ake so ta yi aiki a waya da kwamfuta duka, kamar allonmu. Kwanaki na jona mata kayan zane na wasu mutane daban, sai hoto ya riƙa ɓacewa. Na zargi masu kayan, na zargi wayar, na zargi abokin aikina. Ashe ginshiƙin manhajar ne yake share fuskar na'urar gaba ɗaya kafin ya yi nasa rubutun, don ba a gaya masa da mai wurin ba. Na ware wa baƙon kayan zanen gefensa, aka zauna lafiya. Na yi ta dariya ni kaɗai, har na ɗauki waya in ba Inna labari, sannan na tuna ta rasu. Ta bar mana allon, fes.