Ambulan mai yankakken kunne

Wauta dai na yi ta, kuma ba ta yaro ba, don lokacin gemuna ya soma fari. Aji uku na yi a firamare, malamin ya gaji, ni ma na gaji, muka rabu lafiya. Da wannan ilimin ƙungiyarmu ta manoman citta ta damƙa mini makullin akwatin gidan waya a Kafanchan. Akwati ɗaya, gidaje barkatai, daga hanyar Kachia har Zonkwa. In kwaso wasiƙu, in hau keke, in raba.

Bayan rikicin da aka yi a garin, mutane suka daina yarda da takarda. Ana ta raɗe-raɗin wasiƙun ƙarya masu kiran mutum ya fito hanya. Sai na sa aka sassaƙa mini hatimi, wai duk abin da ya bi ta hannuna a san na gaskiya ne. Hatimin nan ya hau mini kai. Ambulan in ya yi datti ko ya yage, in cire wasiƙar, in sa a sabo, in buga tambarina dum. Har burodi na kusa bugawa.

Akwai wani dattijo Bafulatani da ya zauna kusa da mu yana noma, ɗansa na aiki a Jos. Ranar wata Laraba wasiƙar ɗan ta zo, kusurwar ambulan a yanke wuri biyu. Na ce ɓeran gidan waya ne. Na sauya, na buga hatimi, na kai.

Ni na karanta masa, da ƙyar, ina bin baƙi da yatsa. Ɗan yana kwance asibiti, yana cewa Baffa ya zo.

Dattijon ya karɓi ambulan, ya shafa kusurwa huɗu da babban yatsa.

"Masinja, wannan ba ta yarona ba ce."

"Haba Baffa, ga hatimi!"

"Hatiminka ne. Shi yakan yanke takardarsa yadda muke yanke kunnen shanunmu. Biyu a dama."

Tsohon ambulan yana cikin jakata a lokacin, ƙarƙashin goro. Hannu kawai zan sa. Amma surukansa na zaune, kuma an saba kirana mai boko. Na ce to, wataƙila yaron ya manta. Na hau keke.

Dattijon bai je ba. Bayan mako biyu direban motar Zonkwa ya kawo labarin rasuwar yaron.

Yanzu jikokina na cewa har na'ura takan ƙi saƙon da aka taɓa a hanya. Ita ko aji ɗaya ba ta yi ba.

Na je gaisuwa rana ta uku da zuwan labarin. Na durƙusa, na yi wa dattijon ta'aziyya. Ya amsa, ya daɗe yana kallon jakar da ke rataye a kafaɗata.

"Bai taɓa mantawa ba, Masinja. Ko sau ɗaya."