Abin da Yaya Hawwa Ta Rage a Tart Ɗinta

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hawwa. Masu rubutu a kan mamatansu da yabo suke farawa, ni kuwa da zargi zan fara, Allah Ya yafe mini, domin da shi nake kwana nake tashi duk tsawon shekarun nan. Zargina shi ne ta koya mini girkinta, ta rage wani abu da gangan.

Yaya Hawwa ta daɗe tana dafa abinci a gidan wasu Larabawa a nan Jidda, uwar gidan kuma a Faransa ta yi karatu. A wajenta ta koyo tart, wani kek ne mai faɗin faranti, ƙasansa garas-garas, a cika shi da kasta mai kauri ta madara da ƙwai, a jera 'ya'yan itatuwa a kai, farawla (wato strawberry) da inabi da kiwi, a shafe su da murabba, wato jam, har su yi ƙyalli. A unguwar Madain Fahd inda ta raine ni bayan rasuwar iyayenmu, walimar da babu tart ɗin Hawwa sai an yi ta tsegumi a kanta.

Da na yi aure na koma Khumra, can nesa da unguwarmu, na roƙe ta ta koya mini. Ba ta yi musu ba. Bota mai sanyi daga firij, a murza ta da fulawa da kan yatsu kawai, domin zafin Jidda ba ya ɗaga wa bota ƙafa. A bar kwaɓin ya huta awa guda, a shimfiɗa shi a faranti, a zuba busasshen wake a kai don kada ya kumbura a tanda. Na rubuta komai, ban bar ko ɗigon gishiri ba. Amma duk ranar da na yi nawa, kafin baƙi su gama gaisawa ƙasansa ya jiƙe ya yi lugub kamar burodin da aka tsoma a shayi. In na kira ta da ƙorafi, amsarta ɗaya ce: “Yalla, ki zo Juma'a mu yi tare in gani.”

Ina zuwa, muna yi, nata yana fitowa daidai. Sai bayan ta rasu, ina jera Juma'o'in nan a raina, na lura da wani abu. Da zarar ƙasan tart ya fito daga tanda, sai ta samo mini aiki: in wanke farawla, in kwaso shanya, in leƙa in gaida Tanti Rakiya, maƙwabciyarta 'yar Nijar. Ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa a kicin a daidai wannan lokacin ba. Matar da ta goya ni, me take tsoro? Kada in ƙwace mata suna a unguwa? Na ji haushinta sosai, na kuma ji kunyar jin haushin mamaciya.

Yau ga yara nan a waya suna koyar da tart ga duk wanda ya ga dama, ba sa ɓoye komai. Da tana raye na san taɓe baki za ta yi, ta ce wanda bai ga hannunka ba bai koyi komai ba. Na bi wata daga cikinsu, na shafa narkakken cakulan kafin in zuba kasta. Bai jiƙe ba, amma ɗanɗanon ba na Hawwa ba ne, kuma hakan ya tabbatar mini akwai abin da ake yi a wurin nan wanda ba ya cikin takardata.

Bara aka yi suna a tsohuwar unguwarmu, aka miƙo mini yanki guda. Ina ɗanɗanawa na ajiye cokali, na tambayi wadda ta yi. Aka ce Tanti Rakiya. Na ja ta gefe.

“Tanti, wa ya koya miki?”

“Hawwa mana,” in ji ta. “Farin ƙwai ne, Amna. Ƙasan tart yana fitowa a shafa masa, a mayar tanda minti biyu. Halas.”

“Ke ta ba ki, ni ta hana ni.”

“Ni bango ɗaya ya raba mu, kullum tana ganina. Ke fa? Tun da kika koma Khumra, in ba tart ɗinki ya lalace ba, yaushe kike zuwa? Da bakinta ta ce ranar da kika iya, ta daina ganinki.”

Har yau ban gama yarda da Tanti ba. Tsofaffi sun iya gyara wa mamaci magana don a sami zaman lafiya, kuma babu wanda zai ƙaryata ta. Sai dai na zauna na nemi Juma'a ɗaya da na je gidan Yaya Hawwa don ganinta kawai, ba da lalataccen tart a bakina ba, na rasa. Wannan ya fi zargin ciwo.

Me ya rage nata a yau? Tart ɗina yanzu garas-garas yake fitowa, har ana cewa na gaje ta, ina amsawa da Allah Ya jiƙanta. Amma ashe ba hannunta kaɗai na gada ba. 'Yata Safa za ta tare a Makka bayan Sallah, ta ce in koya mata kafin ta tafi. Makon jiya muka tsaya a kicin, tana rubutawa a wayarta, rabi Hausa rabi Larabci. Na yi niyyar gaya mata komai, Allah Ya sani. Da na fito da farantin daga tanda, sai na ji bakina yana cewa, “Safa, je ki wanke farawla.”

Ta fita, ni kuma na ɗauko ƙwai.