Hotona a Bangon Mujalla

Shekara biyu muka yi a ɗaki ɗaya da wani ɗalibi a Yelwa lokacin muna jami'a, kuma ban taɓa jin daɗin zama da shi ba. Yayansa ne ke aiko masa da faya-fayan wasan kwamfuta daga Amurka, na ƙwallon can da ake rungumewa ana ture juna. Kowace shekara sabon faifai, da hoton wani ɗan wasa a bangon faifan. Ya jera su a kantar da ya kamata mu raba, littattafaina kuwa suna ƙasa cikin kwali.

Ya haddace tarihin mutanen nan kamar danginsa. Wai duk wanda aka sa a bangon, a shekarar yake karyewa. Ko tuwo muke ci sai ya kawo zancen.

Da aka zaɓe ni kyaftin ɗin ƙwallon sashenmu, aka buga hotona a bangon mujallar ɗalibai. Ya duba ya ce, "Malam, ka tanadi sanda."

Bayan wata uku gwiwata ta gurɗe a fili. Ina kwance ƙafa a ɗaure ya shigo da abokansa, ya ɗaga mujallar yana nuna musu suna dariya. Ko sannu bai ce mini ba.

Da na fara takawa na kwashe kayana na koma gidan kawuna a Ƙofar Ran. Bara muka haɗu a wurin ɗaurin aure, ya miƙo mini hannu. Na gaisa da na kusa da shi na wuce.