Hannu Biyu a Kan Raket

Likitan ƙashin da na gani a Kano bai wuce sa'an ɗana na biyu ba. Ya kama gwiwar hannuna ta dama ya jujjuya, ya danna wani wuri da babban yatsa, sai ji na yi na saki ƙara ban shirya ba. Ya tambaye ni aikin da nake yi, na ce malamin gona ne, amma na yi ritaya. Ya ce ba wannan yake nufi ba, me nake yi da hannun? Na ce tanis nake bugawa, sau uku a mako, tun ba a haife shi ba.

"Baba, idan ƙwallo ta zo maka ta hagu, da hannu ɗaya kake mayar da ita?"

Na ce, "Da hannu nawa ake yi?"

Ya yi murmushi ya ce jijiyar ta gaji. Ko dai in ajiye wasan gaba ɗaya, ko in huta wata biyu sannan in koyi ɗora hannu biyu a kan raket, yadda kowa yake yi yanzu. Wannan "yadda kowa yake yi" ita ta tsaya mini a wuya. Har na wuce Tamburawa na shigo Kura ina tuƙi ina tsaki ni kaɗai, domin na san mutum ɗaya ne a duk yankinmu zai iya koya mini, kuma shi ne na shafe shekara talatin da wani abu ina yi wa dariya a kan wannan bugun.

Filinmu yana bayan gidajen ma'aikatan noman rani a Kadawa. Na siminti ne, an kewaye shi da waya, kanal na wucewa ta gabas da shi. Waɗanda suka haƙa hanyoyin ruwan ne suka gina wa kansu, da suka tashi suka bar mana. Lokacin da aka turo ni aiki wurin ina saurayi, wani dattijo mai kula da sito, wanda kowa ke kira Baba, shi ya fara sa mini raket a hannu. Na katako ne, mai nauyi kamar ƙotar gatari. Baba a Zariya ya koyi wasan, kuma yana da dokokin da ba a musu da shi a kansu. Ka riƙe raket kamar kana musabaha da mutum. Ka juya gefe. Ka bugi ƙwallo ta tafi a miƙe, ƙasa-ƙasa, har ta kusa shafar raga, kuma da ka samu sarari ka ruga gaban raga ka kashe wasa. Hannun hagu ba shi da wani aiki sai jefa ƙwallo sama lokacin sabis, wato bugun fara wasa.

Na riƙe wannan karatu kamar hadda, kuma ya karɓe ni. Abokin wasana wani injiniyan ruwa ne, sa'ana, gajere mai yawan magana. Har yau Injiniya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Shekara huɗu ina cinye shi bayan la'asar, wani lokacin ko rigata ba ta jiƙewa.

Sai aka tura shi kwas ƙasar waje. Ya dawo da bidiyo da kaset guda, ya tara mu a falonsa wata Juma'a da rana, har da Baba. A cikin kaset ɗin akwai wani zakaran duniya na wancan zamanin, Bature mai dogon gashi da ƙyalle ɗaure a goshi, ba ya dariya ba ya fushi. Abin da yake yi ya saɓa wa duk abin da aka koya mana. Yana tsayawa can baya da layi, ba ya gaggawar zuwa raga. Raket ɗinsa daga ƙasa yake tasowa ya shafo bayan ƙwallo zuwa sama, sai ta tashi tana juyawa, ta haye raga da nisa kamar za ta fita waje, kwatsam ta nutso cikin fili, ta yi tsalle har kafaɗar abokin karawarsa. Idan kuma ta zo masa ta hagu, sai ya haɗa hannu biyu ya make ta kamar mai casar shinkafa.

Injiniya ya ce an gaya masa wai tun yana yaro raket ɗin da ya samu ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ya saba da hannu biyu.

Baba ya ce, "To ka ji. Yaro ne da bai samu malami ba, Allah ya ba shi sa'a. Ranar da ya bar wasa, wannan shirmen zai bi shi."

Na ce gaskiyar Baba ke nan. Na faɗa da ƙarfi ma, don Injiniya ya ji.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya samu bangon ɗakin famfo ya ja layi da gawayi daidai tsayin raga, kullum yana can yana shafar ƙwallo. Watanni ya yi ƙwallayensa suna tsallake waya suna faɗawa kanal. Manoman da ke ƙasa da mu har sun saba, idan na je duba musu tumatir sai wani ya zaro ƙwallo jiƙaƙƙiya daga aljihu ya ce in kai wa abokina, ruwa ne ya kawo ta bakin kwamin shukarsa. Ni ne nake kai masa, ina miƙa masa a gaban mutane ina tambayarsa ko kifi yake koya wa tanis.

Da rani ya zagayo, lokacin da alkama ta fara fitar da kai, ya cinye ni karo na farko. Ban manta yadda abin ya kasance ba. Duk ƙwallon da ya bugo hagu yake nufa da ita, ta faɗi ta taso mini har kunne. Da hannu ɗaya, a wannan tsayin, babu abin da mutum zai yi sai ya tura ta a hankali, shi kuma yana jira. Na ce bari in ruga raga yadda Baba ya koya mini, sai ƙwallon ta riƙa nutsowa a kan yatsun ƙafata, ko ta wuce ta gefena ina kallo. Na ce iska ce. Mako na gaba babu iska, ya sake cinye ni.

Zakaran nan bai daɗe ba ya bar wasa da sauran ƙuruciyarsa, amma abin bai bi shi ba. Raket na katako ya ɓace, aka kawo marasa nauyi masu faɗin fuska waɗanda suka ƙara wa wannan shafar ƙarfi. Duk wanda ya taso bayansa, mace ko namiji, sai ka gan shi can baya da layi yana murza ƙwallo, hannu biyu a hagu. Masu zuwa raga suka yi ta raguwa. Idan na ga mai hannu ɗaya a talabijin sai in bi shi da addu'a kamar ɗan'uwana, in kira Injiniya in ce ya kunna ya gani. Shi kuma ya ce, "Malam, dubi dai yadda yake murza ta. Hannun ne kawai naka, bugun namu ne." Kuma gaskiyarsa, wannan ne ya fi ba ni haushi.

Baba ya rasu yana kan bakarsa. Ni ma na zauna a kan tawa, ina ce wa mutane ni mai riƙon asali ne. A cikin wasa goma sai in ci biyu, wani lokacin uku idan Injiniya yana mura. Maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba ita ce, tun shekarar farko na san hanyarsa ta fi. Kunyar komawa ɗalibin mutumin da na yi wa ba'a ce ta hana ni, kuma kowace shekara kunyar ƙaruwa take yi.

Bayan hutun wata biyun da likita ya ba ni, na same shi a wurin injin gyaran shinkafar da ya kafa a Kura bayan ritaya. Yana tsaye cikin ƙura da ƙarar inji, hularsa ta yi fari da dusa. Na gaya masa abin da likita ya ce. Ya kama kunne ya ce bai ji ba. Na maimaita. Ya sa aka kashe injin, wurin ya yi tsit, ma'aikatansa duk suka juyo, sannan ya ce, "Malam, me ka ce?"

Na ce, "Ka ji ni sarai."

"Wallahi so nake in ƙara ji."

Muka fara ranar Litinin. Ban taɓa sanin hannun hagu na iya zama baƙo a jikin mutum ba sai lokacin. Injiniya ya tsaya da kwandon ƙwallaye yana jefo mini ɗaya bayan ɗaya, bakinsa bai huta ba. "Hagun ne ke bugu, dama rakiya kawai take yi. Durƙusa. Daga ƙasa za ka taso. Malam, ka matso kusa da ita mana, hannu biyu ba ya miƙa nesa." Ga shi ba ya iya bayani sai ya kawo lissafin ruwa, wai ƙarfi daga ƙugu yake gangarowa kamar yadda ruwa ke barin babban kanal ya shiga ƙanana. Ni kuma duk lokacin da ƙwallo ta taho, kafin in yi tunani hagun ya saki raket da kansa, daman ta tafi yadda ta saba, zafin ya soke ni har kafaɗa. Idan na tilasta masa ya riƙe, ƙwallon ta tafi sama ta haye waya. Gwiwoyin ƙafata, waɗanda ba su taɓa yi mini ƙorafi ba, su ma suka fara.

A mako na uku ya ce, "Da ka saurare ni tun muna da gashi baƙi, da yanzu..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na yi jifa da raket ya daki waya, na ɗauki hulata na shiga mota. Mutum mai jikoki bakwai. Kwana goma sha biyu ban taka filin ba, ban ɗaga wayarsa ba. Bayan la'asar sai in zauna a tsakar gida ina gyara abin da bai lalace ba, ina yi wa kowa faɗa a kan buta da tsintsiya. Ranar da na ce miya ta yi gishiri, maiɗakina ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, don Allah ka koma wurin abokinka. Can ka yi ta faɗan da ƙwallo, ita ba ta jin haushi."

Na koma. Injiniya ya miƙo mini raket ɗina, ya sa an gyara inda ya karce. Muka ci gaba. Wajen wata na uku na fara jin wani abu: sau ɗaya a cikin biyar ko shida, hagun zai riƙe, raket ya taso daga ƙasa, in ji ƙwallon ta kama igiyar raket ta murzu, ta haye raga ta nutsa. Gwiwar hannun kuma shiru, babu zafi. Ban nuna masa na ji daɗi ba.

Ana cikin haka wasu dattawa 'yan'uwanmu masu wasa suka zo mana daga Kano wata Asabar da safe, kamar yadda mukan ziyarci juna. Aka haɗa ni da wani tsohon hedimasta, siriri, ya girme ni da kusan shekara takwas. Da ya fara bugu sai na gane salon. Hannu ɗaya, a miƙe, ƙasa-ƙasa, ƙwallon tana zamewa a kan siminti ba ta tasowa ko gwiwa. Wasana ne sak, wanda na bari wata uku da suka wuce. Ni kuma ga ni da hannu biyu ina neman in shiga ƙarƙashin ƙwallon da ba ta da ƙarƙashi. In durƙusa, in makara, in tura masa ita sama-sama, shi kuma ya tako gaban raga a hankali kamar mai zuwa masallaci ya ajiye ta inda ba na nan. Tsohon bugun ya bar hannuna, sabon bai zauna ba. Ko rabin awa ba mu yi ba ya gama da ni.

Da muka gaisa a raga ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, an ce mini kai ne mai hannu ɗaya mai kyau a nan. Wa ya ɓata maka shi?"

Na waiwaya. Injiniya yana zaune a benci ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na ce wa hedimasta likita ne. Ya ce shi ma wani likita ya taɓa gaya masa haka, bai koma wurinsa ba.

Ranar ban ci abincin da aka kawo wa baƙi ba. Na yi niyyar in koma hannu ɗaya ko da hannun zai gutsure, har na gwada sau biyu a bango bayan sun tafi. A bugu na biyu zafin ya sa na zauna a ƙasa. Injiniya ya zo ya tsaya a kaina, ya daina dariyar, ya ce da shi aka haɗa da hedimastan nan, da tsohon bai ci ko zagaye ɗaya ba, kuma nan da shekara ni ma zan iya. Na ce shekara nawa yake tsammanin ta rage mana da zai riƙa rabon su haka? Ya ce wannan ba aikin injiniya ba ne.

Yanzu wata na bakwai ke nan. A cikin bugu goma, huɗu suna shiga, ran da jiki ya yi daɗi biyar. Ban ci Injiniya ko sau ɗaya ba tun da na canja. Jiya muna tattara ƙwallaye mai unguwa ya aiko a gaya mana cewa idan an fara yankan shinkafa, mutanensa suna roƙon aron filin su yi shanya na mako uku, don wurinsu ya yi kaɗan bana. Na ce a ce masa babu komai, har cikin raina na ji sanyi, na ce hannuna zai huta.

Injiniya ya ce, "Wane hutu? Akwai bango a bayan injina. Ka zo da ƙarfe huɗu, kuma ka zo da hagunka."