Ajin da Falmata Ta Haɗa wa Wuta

Har gobe ina tuna ranar da muka yi wa ɗaliban ajin sola gwajin farko, a cibiyar koyar da sana'a da nake koyarwa a unguwar Mairi. Ƙa'idarmu ita ce, bayan karatun allo kowa zai haɗa farantin sola da batir da ƙwan fitila shi kaɗai. In ƙwan ya kama, ya ci.

Mutum biyu suka faɗi, Modu da Falmata, kuma kuskurensu ɗaya: sun juya wayoyi, fis ya ƙone. Modu ya yi dariya ya ce, "Malam, batirin nan ne ya mutu." Falmata kuwa ta ajiye filaya ta ce, "Malam, da ma an faɗa mini aikin maza ne. A mayar da ni ajin ɗinki."

Na kai maganar wurin shugabar cibiya, Hajiya Yagana. Ta ce, "Kada ka lallashe ta da baki. Ba ta aikin da za ta gama da hannunta."

A makon nan muka je da ɗalibai sa wutar sola a wata firamare a Dusuman. Na roƙi Falmata ta haɗa wa aji guda wuta kafin ta bar mu. Ta hau tsani, tana auna kowace waya kafin ta jona. Tana danna makunni, fanka ta fara juyawa. Yara suka ɗauki tafi, mata masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa suka leƙo suna guɗa. Ko saukowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, ajin gaba ma ni zan yi?"

Muna dawowa a keke napep, Modu ya matso kusa da ni ya ce, "Wallahi Malam, tun ranar gwajin nan tsoron taɓa waya nake. Kunya ce ta hana ni faɗa." Washegari na ba shi nasa ajin, Falmata na riƙe masa tsani. Da aka sake gwaji duk suka ci, kuma yau kowannensu yana da almajiransa a sana'ar.

Abin da na koya shi ne, faɗuwa tana taɓa mace da namiji duka, sai dai ita ta faɗa, shi ya ɓoye cikin dariya. Tun daga lokacin, ɗalibin da ya faɗi ba ya tafiya gida sai ya ga ƙwan da ya haɗa ya kama.